Kwamfutar mai buga takardu a Garwa da ɓoyayyen ɓangaren faifanta

Mai na'urar da na'urar

Dattijo ne ɗan shekara sittin da 'yan kai, mazaunin unguwar Hausare a Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru. Sana'arsa buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, yarjejeniyar sayar da fili ko babur, katin ɗaurin aure, da dosiyen yaran da ke shirin konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati. Da tafireta ya fara tun yana saurayi. Rumfarsa na kusa da babbar kasuwa, tebur ɗaya, benci ɗaya, firinta ɗaya, sai fankar sama da ke juyawa idan da wuta. Yawancin aikin da Faransanci ne, amma lokacin bukukuwa akan kawo masa na Hausa da na Larabci.

A 2016 ɗan ƙanwarsa, wanda ke karatu a jami'ar Ngaundere, ya sayo masa kwamfutar tafi-da-gidanka, gwanjon Turai. Acer Aspire ce ƙirar ƙarshen 2011, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabayit 4, faifan ajiya gigabayit 500, da madannai irin na Faransa, waɗanda layinsu na sama ke farawa da AZERTY. Ta zo da Windows 7 na kamfani, nau'in gida, mai bit 64, da Faransanci. Sitikar da ke manne a ƙasanta, mai ɗauke da lambar lasisi ta harufa 25, ta goge tun kafin ta iso Garwa. Harufa takwas kawai ake iya karantawa. Batirinta bai fi riƙe minti goma ba.

Akwai abin da dattijon bai sani ba game da ita, shi ma yaron bai sani ba. Daga wajen shekarun Windows Vista da Windows 7, kamfanoni da yawa sun daina saka faifan DVD na gyara a cikin kwali. Sai su yanki wani ɓangare na faifan ajiya, su zuba cikakken hoton Windows da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan na'ura aiki) da manhajoji yadda na'urar ta fito daga masana'anta, su ɓoye shi. Kamar rumbun tsimi ne a bayan gida: ba a cin abinci daga cikinsa kullum, an ajiye shi ne don ranar da babban rumbu ya ƙone. A na'urorin Acer na lokacin sunan ɓangaren PQSERVICE, kuma ana shiga ta hanyar danna Alt da F10 tare yayin da tambarin kamfanin ke kan fuska. HP na amfani da F11, Asus F9, Samsung F4, Toshiba kuma a danne sifiri a kunna. Akwai manhajar da ke tunatar da mai na'ura ya kwafi rumbun a faifan DVD. Mai ita na farko a Turai bai haɗo da faifan ba, dattijon kuma bai taɓa jin labarin ba.

Janairu 2019: cuta ta shigo ta kile

Kusan duk mai kawo aiki yana zuwa da ɗan abin ajiyar nan da muke kira kile a nan, 'yan'uwanmu na Yola su ce filash. Kile ɗaya kan zaga shagon hoto, shagon intanet da ofis uku a rana guda, ya kwaso abin da ya kwaso. A tsakiyar Janairu dattijon ya lura cewa duk kilen da ya soka, foldodin ciki sai su koma masu 'yar kibiya a gefe, girmansu kilobayit ɗaya ko biyu. Wata mata ta yi masa faɗa a gaban mutane, wai ya cinye mata takardun gado.

Ba a cinye komai ba. Wannan sananniyar cuta ce da ke ɓoye foldodin gaskiya ta ajiye na bogi a madadinsu, duk wanda ya danna na bogin ya sake tayar da ita. Amma mai rumfa bai san haka ba, ya ga dai na'ura ta yi nauyi, tashi kawai na cin minti shida zuwa bakwai, mutane kuma sun fara kai aikinsu wani wuri.

4 ga Fabrairu: an yi mata fomatin

Ya kai ta wajen wani mai gyara a kasuwa. Maganin da aka saba bayarwa shi aka ba shi: a goge, a zuba sabon Windows. An caje shi sefa 5,000, aikin bai kai awa biyu ba. Mai gyaran ya kwashe foldar takardu a kile, ya goge ɓangaren C, inda Windows ke zaune, ya zuba wani Windows 7 daga faifan da yake zuba wa kowa, mai bit 32, sannan ya mayar da takardun.

Cikin kwana uku matsaloli suka bayyana. Wi-Fi ya ɓace gaba ɗaya don babu direbansa. Maɓallan ƙara haske da rage shi sun daina aiki, rubutu a fuska ya yi faɗi kamar an ja shi. Daga RAM gigabayit 4, Windows mai bit 32 kusan 3 kawai yake iya amfani da shi. Cutar ma ta dawo, domin a cikin kilen da aka kwashe takardun ta yi zamanta.

Ranar 6 ga Maris, kwana talatin cif, bangon fuska ya koma baƙi, wani rubutu ya fito a kusurwar ƙasa ta dama cewa wannan Windows ɗin ba na asali ba ne. Ya koma wajen mai gyaran, aka ce ya kawo wata 3,000 a saka masa abin da zai rufe bakin saƙon. Bai bayar ba.

11 zuwa 15 ga Maris: abin da yaron ya gwada

Ɗan ƙanwar ya zo gida hutun 'yan kwanaki, ya ce, "Kawu, bar min ita." Ya yi ƙoƙari, kuma bai yi wauta ba.

Ya fara da mayar da tsarin baya zuwa wata rana da ta wuce. Ranar da ta fi tsufa a jerin ita ce 4 ga Fabrairu, tunda duk wuraren komawa na da sun tafi tare da tsohon C. Sai ya karanta a waya cewa Alt da F10 na mayar da Acer yadda ta fito. Ya gwada ya fi sau ashirin: ya danne, ya yi ta bugawa da sauri, ya haɗa da Fn, ya aro madannai na waje. Kowane lokaci Windows ɗin mai baƙin bango ne ke tashi. Ya danna F2 ya shiga BIOS, wato saitunan da na'ura ke fara bi kafin Windows ya tashi, ya tarar da layin D2D Recovery, mai buɗe hanyar shiga rumbun, a kashe, ya kunna shi, ya adana. Wannan mataki daidai ne, domin in layin na kashe Alt da F10 ba za su yi aiki ba ko da komai lafiya yake. Duk da haka shiru. Ya danna F8, ya shiga wurin gyaran Windows, ya tarar da kayan gyara na gama-gari, babu ko ɗaya mai sunan Acer.

Daga nan ya yanke cewa mai gyaran ya share rumbun. Ya koma sauke direbobi da datar wayarsa, ya ƙona kusan sefa 2,000, ya samu na Wi-Fi ya yi aiki, na fuska ya ƙi. Cikin wannan bincike ya ga wani ɓangare marar harafi mai gigabayit 15 a farkon faifan, ya ce zai goge shi don a ƙara wa C fili. Dattijon ya hana, ba don ya san ko mene ne ba, sai don ya gaji da jin kalmar gogewa.

Asabar 16 ga Maris: duba faifan

Ranar aka kawo min ita shagona na gyara. Na ce, "Baba, kafin in taɓa komai zan duba abu biyu: lafiyar faifan, da abin da ke cikin wancan ɓangaren."

Manhajar CrystalDiskInfo ta nuna launin rawaya, wato a yi hattara. Faifan ya yi aiki awa 14,000 da 'yan kai, kuma ya riga ya sauya wa gurabe 24 da suka lalace wuri. Ba mutuwa ba ce, amma tsufa ya kama shi. Wannan na da muhimmanci domin rumbun da C duk a kan faifai ɗaya suke, in ya mutu tare za su tafi.

Sai na buɗe diskpart, manhajar Windows mai sarrafa ɓangarorin faifai, a baƙar tagar umarni. Umarnin list disk ya nuna faifai ɗaya, 465 maimakon 500, abin da ya sa yaron ya yi zargin an cuce shi tun a wajen saye. Ba cuta ba ce: masu ƙera faifai na ƙirga da dubu, Windows na ƙirga da 1,024. Bayan select disk 0 da list partition, ɓangarori uku suka fito: na farko gigabayit 15, na biyu megabayit 100, na uku sauran. Na zaɓi na farko, detail partition ya ce nau'insa 27. Wannan lamba ita ce ke gaya wa Windows cewa ɓangaren na gyara ne, kada a ba shi harafi, kada a nuna shi.

Kafin in canja ko lamba ɗaya, na tayar da na'urar da Clonezilla daga kile, na kwafi ɓangaren farko sukutum zuwa faifan waje. Abin da ke ciki gigabayit 11 ne, ya ɗauki minti 25. Sannan na tayar da ita da Ubuntu daga wani kilen, inda cutar Windows ba ta iya motsi, na kwashe takardu, hotuna da abin da ke kan tebur, gigabayit 38, ina tsince fayilolin bogi masu ƙarewa da lnk da vbs ina zubarwa. Na ga foldar AppData, inda manhajoji ke ajiye bayanansu, da idona, na tsallake ta, domin a can irin wannan cuta ta fi kwana. Na tambayi dattijon ko akwai wani abu da yake ajiyewa a wani wuri daban. Ya ce, "Ɗana, duk abin da na buga yana cikin Dokima," wato foldar takardu. Na yarda, ban ƙara tambaya ba.

Da na koma Windows, na ba da set id=07 override, na ba ɓangaren harafin R. Sunansa ya bayyana: PQSERVICE. A ciki akwai fayilolin tashi, da manyan fayiloli masu ƙarewa da swm, wato hoton Windows da aka yanka gunduwa-gunduwa, duk da kwanan watan 2011. Rumbu na nan cike, ba a taɓa shi ba.

To me ya hana Alt da F10? A irin wannan faifan, bayit 512 na farko, waɗanda ake kira MBR, su ne ke ɗauke da ɗan umarnin da ke fara gudana da zarar BIOS ya gama nasa, da kuma jadawalin ɓangarori. Kamfanin ya saka nasa umarnin a wurin, wanda ya san hanyar rumbu. Duk wanda ya zuba Windows daga faifan gama-gari, mai zubawar zai rubuta nasa umarnin a kai, shi kuwa abu ɗaya ya sani: ya nemi ɓangaren da aka yi wa alamar active ya miƙa masa ragama. A lokacin alamar na kan ɗan ɓangaren megabayit 100. Idan aka ɗauke ta aka ɗora a kan PQSERVICE, na'urar za ta tashi daga rumbu kai tsaye, ba sai an bi ta maɓallan ba.

Dabarar na da haɗari guda. In ɓangaren ya ƙi tashi, na'urar ba za ta shiga Windows ba kuma, sai an zo da wani abin tayarwa daga waje an mayar da alamar. Don haka na tanadi kile mai Windows 7 wanda wani abokin sana'a ya kawo min daga Yola, na kunna jerin tashi na F12 a BIOS, na gwada na ga yana tashi, sannan na rufe shago.

Lahadi 17 ga Maris: yunƙurin farko ya katse

Da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a rumfar dattijon, na zaɓi ɓangare na farko, na rubuta active, na sake kunnawa. Maimakon baƙin bango sai manhajar Acer eRecovery Management ta buɗe da Faransanci. Yaron ya miƙe tsaye.

Zaɓi biyu ta bayar. Na farko a goge C gaba ɗaya a mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Na biyu a mayar da Windows amma a tattara fayilolin mai na'ura a wata folda mai suna Backup. Dattijon ya so na biyu. Na ce, "Baba, na biyun zai iya tattaro cutar tare da takardun, kuma takardunka suna hannuna, na tsabtace su." Muka ɗauki na farko.

Ta kai kashi 41 cikin ɗari a minti 19, sai ta mutu ɗif. Duk mu ukun muka ce wuta ce. Zato ne mai dalili: wutar Garwa daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya ɗaukewa takan yawaita, ga batir ba ya riƙewa. Sai dattijon ya ɗaga kai ya ce fanka ai tana juyawa. Na taɓa gefen hagu na na'urar, inda iska ke fita, na janye hannu. Zafi ne ya kashe ta. A Maris zafin rana a Garwa na haura digiri 40, muna ƙarƙashin kwano, ita kuma tana aikin da ya fi duk wanda ta saba: buɗe hoton da aka matse da rubuta shi a faifai ba hutawa. Da zafin ya kai iyaka sai ta yanke kanta don kada ta ƙone.

Bayan ta huce muka kunna, ta ce babu BOOTMGR. Sabon Windows bai gama shiga ba, tsohon kuma an riga an goge shi. Dattijon bai ce komai ba, ya ɗauki buta ya tafi alwalar La'asar.

Na tayar da ita da kilen Yola, na danna Shift da F10 don buɗe tagar umarni, na rubuta diskpart, ta ce ba ta san wannan umarni ba. Sau uku ina yi kafin in dubi fuska da kyau: diskpqrt nake rubutawa. Kilen na Turanci ne, yana ɗaukar madannan a matsayin QWERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, haka Z da W. Duk inda nake son a, sai in danna maɓallin da aka rubuta wa Q. Ƙaramin abu ne, amma na san masu gyara a nan da ya sa suka ce kile ya lalace. Da na shiga, ɓangare na farko na nan da girmansa da fayilolinsa. Ban sake yunƙuri ba ranar.

Litinin 18 da Talata 19 ga Maris: fanka, sannan yunƙuri na biyu

Litinin na kwance na'urar. Tsakanin fanka da haƙoran tagulla masu fitar da zafi na ciro wani curin ƙura da zare mai kaurin bargo, tarin hunturu uku na Garwa a kan abin da ta taho da shi daga Turai. Man da ke tsakanin kwakwalwar na'urar da tagullar ya bushe ya zama kamar alli. Na goge, na shafa sabo, na mayar.

Talata bayan sallar Asuba, da sauran sanyi, muka kai ta shagon wani mai cajin waya da ke da sola da manyan batura, don kada wutar ma ta samu abin cewa. Na ɗora ta a kan marafan kwalba huɗu iska ta riƙa bi ta ƙasa. Na sake ɗora alamar active a ɓangare na farko, na kunna da ƙarfe 6 da minti 10.

Zuba hoton ya ƙare da ƙarfe 6 da minti 58. Daga nan ta yi ta kashe kanta tana kunnawa, tana saka direbobi da manhajojin kamfani, kusan awa guda, fuska na gargaɗin kada a taɓa. Wannan zangon ne mutane suka fi yi wa katsalandan, suna ganin ta maƙale. Da ƙarfe 8 da minti 5 ta tambayi ƙasa, agogo da sunan mai ita, kamar ranar da aka fara buɗe kwalinta.

Wi-Fi ya dawo, maɓallan haske sun dawo, rubutu ya daidaita, RAM ya cika 4. A shafin bayanin tsarin an rubuta cewa Windows a kunne yake, ba mu shigar da ko harafi ɗaya na lasisi ba, ba mu kuma haɗa ta da intanet ba. Dalili shi ne manyan kamfanoni na lokacin suna dasa wata shaida a cikin BIOS, hoton da ke rumbu kuma na ɗauke da takardar shaidar da ta dace da ita. Suna haɗuwa lasisi ya tabbata. Gogaggiyar sitikar ba ta shigo cikin lissafi ba sam.

Na koma diskpart na tabbatar alamar active na kan ɗan ɓangaren megabayit 100, na mayar da na farko nau'in 27, ya sake ɓuya. Na gwada Alt da F10, har yanzu shiru. Ban shiga gyaran MBR ba. A maimakon haka, kafin a soka kile ko ɗaya, muka sa manhajar ta kwafi rumbun a faifan DVD huɗu, wani na biyar kuma na direbobi. Ɗaya ya lalace wajen tantancewa, muka sake shi.

20 zuwa 27 ga Maris: na'urar 2011 a shekarar 2019

Abin da ya fito daga rumbu bai san an yi shekara bakwai ba. Mai binciken intanet ɗin tsoho ne, shafuka da yawa ba sa buɗewa. Rigakafin da ya zo da ita na gwaji ne na 'yan makonni, muka cire shi muka saka wani. Sabuntawar Windows ta tsaya tana nema wuni guda ba sakamako, matsalar da duk wanda ya zuba Windows 7 a waɗancan shekarun ya sani. Na kawo sabuntawa biyu, KB3020369 da KB3172605, a kile na saka da hannu, sannan babban ƙunshin KB3125574 na 2016, mai kusan megabayit 500, wanda ya tattara gyare-gyaren shekara biyar. Bayan haka neman ya riƙa ƙarewa cikin mintoci. Na kuma hana kile buɗe kansa, na koya wa dattijon umarnin attrib -h -r -s /s /d mai fito da ɓoyayyun foldodi, na rubuta masa a kwali ya manna a bango.

An samu riba da ba a zata ba: hoton na ɗauke da Office Starter 2010, wato Word da Excel da aka rage wa kaya, masu ɗan talla a gefe, amma halal. Ga mai buga wasiƙa da yarjejeniya sun wadatar. Yaron ya so a mayar da harshen Windows Turanci, amma nau'in gida na Windows 7 ba ya karɓar sauyin harshen fuska, manyan nau'o'i biyu kawai ke yi. Dattijon ma Faransancin ya fi so. Madannan Larabci kuwa an ƙara su cikin minti biyu. Direban firinta da harufa masu lanƙwasa na Hausa sai da aka sake nemo su.

Ranar Alhamis ya kira ni. "Ɗana, ina 'yar takardar rawaya?" Ashe bayan fomatin na Fabrairu yaron ya nuna masa manhajar nan mai manna ƙananan takardu a fuska, shi kuma ya ajiye littafinsa na bashi ya koma rubuta masu bashi a ciki. Mako shida na sunaye da kuɗi. Windows 7 na ajiye su a fayil ɗaya, StickyNotes.snt, a cikin AppData, foldar da na tsallake. An goge C sau biyu, an rubuta sabon Windows da sabuntawa a kai. Na gwada manhajar tono fayiloli, ba ta samo shi ba. Ya ce mutum 30 ne ko fiye. Ya tuna 19, wasu shida suka zo da kansu suka biya.

Satumba 2019

Wata shida bayan nan na duba ta. Tana tashi cikin minti ɗaya da rabi. Cutar kile ta zo sau da yawa a kilen mutane, rigakafi ya kama ta, ba ta zauna ba. Guraben da faifan ya sauya sun tashi daga 24 zuwa 31. Na ce a sayi sabon faifai, ya ce sai bayan an sayar da auduga mutane sun samu kuɗi. Faifan DVD biyar ɗin na cikin gwangwanin biskit a gidansa. Littafin bashi ya dawo kan tebur.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Kuskuren da ya kusa kashe maganar shi ne ɗaukar shirun Alt da F10 a matsayin shaidar cewa rumbu ya tafi. Maɓallan na buƙatar layin D2D a kunne da kuma umarnin kamfani a MBR, ɓangaren kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya don ya ci gaba da zama. Minti biyar na diskpart ya isa a gane. Ya tsira ne saboda mai gyaran Fabrairu C kawai ya goge, bai share jadawalin duka ba kamar yadda wasu ke yi, lamba 27 ta ɓoye shi daga idon Windows, dattijon kuma ya hana yaron. Sa'a ta fi dabara yawa a nan.

Katsewar ranar Lahadi ba ta yi ɓarna ba don aikin karantawa yake daga rumbu yana rubutawa a C, ana iya maimaita shi muddin faifan na da rai. Amma laifina ne da na fara da tsakar rana ban buɗe fanka ba, alhali na ga shekarun na'urar. Asarar jerin bashin ma tawa ce. Tambayar da na yi masa ba ta dace da shi ba: mutumin da ya zo daga tafireta ba zai kira 'yar takardar da ke manne a fuska fayil ba. Da na ce ya nuna min duk abin da yake buɗewa a rana, da na gani. Da kuma na kwafi C duka yadda na kwafi PQSERVICE, fili na da shi a faifan waje, awa ɗaya kawai zai ci.

Fomatin na Fabrairu tun farko bai zama dole ba. Cutar da ke ɓoye foldodi ana cire ta ba tare da an goge Windows ba, kuma in har gogewar ake so, da an kunna layin D2D a ranar, Alt da F10 za su yi aiki, da an samu Windows na asali da direbobinsa kyauta.

Hanyar alamar active ta na'urorin BIOS da MBR ce. Waɗanda suka fito da Windows 8 daga 2012 zuwa sama galibi UEFI da GPT, magadan BIOS da MBR, suke amfani da su, babu wannan alama a cikinsu, lasisinsu na cikin allon na'ura, Windows 10 kuma yana sake gina kansa daga fayilolinsa ne. Ko a tsofaffin ma ba kowa zan ba wannan shawara ba. Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, don haka wanda ke shiga asusun banki ko saƙonnin aiki da na'urarsa, mayar da ita 2011 bai gama masa magani ba. Ga wannan dattijon ta dace, domin Word da firinta yake buƙata, kuma tun daga watan Janairun na kashe mata Wi-Fi, sai in zo da sabuntawar rigakafi a kile duk ƙarshen wata.